Tafi-da-Gidanka: Ko Zama a Cikin Mota Yana Rage Tsadar Muhalli?

Kalmar tafi-da-gidanka ta zauna daram a bakin Hausawa, har ana laƙaba ta ga wayar hannu, da kotun da ke bin masu laifi zuwa bakin titi, da asibitin da ake lodawa a mota a zaga ƙauyuka da shi, amma ba a cika jin an kira wani muhalli da ita ba, duk da cewa gida ne a tsakiyar sunan. A Amurka da wasu ƙasashen Turai kuwa akwai mutanen da suka ɗauki ma'anar a zahirinta, suka saki gidan haya ko suka sayar da na kansu, suka tare a cikin mota dindindin domin su huta da kuɗin haya. Hotunan irin wannan zama suna yawo a wayoyin matasa, kuma tsadar rayuwar da ta biyo bayan cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023 ta sa duk wata dabarar rage kashe kuɗi tana samun masu saurare. Saboda haka ya dace a duba inda rangwamen wannan zama yake fitowa a ƙasar da ya samo asali, sannan a auna shi da yanayin kudancin Jihar Kano, wato Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, yankin da ya san masu kwana a hanya tun kafin a ƙera mota.

Akwai rikicin suna da ya kamata a fara warwarewa. Abin da Bahaushe yake kira tirela shi ne doguwar motar kaya mai kai da bodi, wadda take jigilar siminti ko taki ko shanu, alhali a Amurka kalmar da aka aro sunan daga gare ta tana nufin duk abin da ba shi da inji ake jansa a bayan mota, har da ɗaki mai taya da aka ƙera domin kwana. Ban da wannan ɗakin ja, akwai motar da aka gina ɗakin a jikinta, da gado da madafa da banɗaki, ta yadda direba zai tashi daga sitiyari ya yi taku uku ya kwanta. Masu ƙaramin ƙarfi ba su kai ga ko ɗaya daga cikin biyun ba, sai dai su sayi tsohuwar bas, su cire kujerun, su kafa katako su ɗora katifa. Yawancin waɗannan motoci da ɗakuna a yankin Elkhart na Jihar Indiyana ake ƙera su, kuma a shekarar 2021 kaɗai masana'antun ƙasar sun fitar da sama da 600,000, sai dai mafi yawan masu saye don yawon hutu suke saye, ba don su mayar da su gida ba.

Waɗanda suka mayar da su gida saboda matsi sun fi fitowa fili bayan durƙushewar kasuwar gidaje ta 2008, lokacin da bankuna suka ƙwace gidaje masu ɗimbin yawa daga hannun waɗanda suka kasa biyan bashi. 'Yar jarida Jessica Bruder ta bi sawunsu ta rubuta littafin Nomadland a 2017, aka mayar da shi fim a 2020, fim ɗin ya ci babbar kyautar Oscar a 2021. Da yawansu dattawa ne da kuɗin fanshonsu bai kai na haya ba, waɗanda suke bin aikin lokaci-lokaci daga jiha zuwa jiha: tattara kaya a rumbunan Amazon gabanin Kirsimeti a ƙarƙashin wani shiri da kamfanin ya taɓa yi mai suna CamperForce, ko aikin girbin gwozar da ake yin sukari da ita, ko gadin sansanonin masu yawon buɗe ido. Duk Bakanon da ya karanta wannan zai gane cewa ci-rani ne, illa iyaka ɗan ci-ranin Amurka ba shi da garin da zai koma idan damina ta faɗi.

Idan aka bi lissafin sannu a hankali, za a ga cewa rangwamen daga ƙasar da motar take tsayawa a kai yake fitowa. Gwamnatin tarayyar Amurka ta mallaki fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar baki ɗaya, akasarinsa a yamma, kuma a mafi yawan filayen da hukumar kula da filayen tarayya take riƙe da su an yarda mutum ya yada zango kyauta har kwana 14 kafin ya matsa gaba. A kewayen garin Quartzsite na Jihar Arizona, inda dubban masu irin wannan zama suke haɗuwa da sanyi, an daɗe ana sayar da takardar izinin zama ta wata bakwai, daga tsakiyar Satumba zuwa tsakiyar Afrilu, a kan dala 180, kuɗin da bai kai hayar ɗaki ta mako guda ba a manyan biranen ƙasar. Motar tana ɗauke da tankin ruwan sha, da tankin ruwan wanke-wanke, da tankin bayan gida, kuma duk bayan 'yan kwanaki dole a nemi inda za a cika na farko a juye sauran biyun, wuraren da gwamnati ko 'yan kasuwa suka riga suka tanada a bakin hanya. Hatta adireshi, wanda babu lasin tuƙi ko inshora ko asusun banki sai da shi, akwai kamfanonin da ke ba da hayarsa a jihohi irin su Dakota ta Kudu, su karɓi wasiƙun mutum su tura masa duk inda yake. Ma'ana, mai zama a mota ya sauke nauyin fili da ruwa da magudana daga wuyansa ne ya jingina shi da abin da jama'a suka gina, kuma ranar da aka janye wannan majingina lissafin ya rushe.

Ana kuwa janyewa. A watan Yuni na 2024 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar birnin Grants Pass cewa birane suna da ikon hukunta masu kwana a filayen jama'a, haka nan a Ingila wata doka ta 2022 ta mayar da yada zango da mota a filin wani ba da izini ba laifin da za a iya ƙwace motar a kansa idan an ce mutum ya tashi ya ƙi. Ga kuma asarar da ba a nunawa a hoto. Gida da fili darajarsu takan hau da shekaru, mota kuwa tun ranar da ta bar wurin dillali take faɗuwa. Babbar motar kwana ba ta wuce kilomita 3 zuwa 4 a litar mai. Kuma ranar da giya ta lalace, abin hawa da ɗakin kwana tare suke tafiya garejin makanike.

A kudancin Kano zaman hanya ya girmi mota nesa ba kusa ba. Bebeji tsohon gari ne mai ganuwa a kan hanyar fatake tsakanin Kano da Zariya, wanda Baturen nan mai yawon bincike Hugh Clapperton ya ratsa a 1826 ya kuma bayyana shi da babban gari mai yawan jama'a, kuma a nan aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, cikin zuriyar Agalawa masu fataucin goro. Ayari, wato rukunin fatake masu tafiya tare a ƙarƙashin jagora da ake kira madugu, yakan yi watanni tsakanin Kano da Gwanja a arewacin Gana ta yau, da jakuna da kayan girki da tabarmi, wani lokaci har da mata da yara. Abin da ya sa wannan doguwar tafiya ta yiwu shi ne zango, wurin sauka da aka sani a bayan gari, inda akwai ruwa da abincin sayarwa da kariyar sarkin garin bayan an biya abin da aka yanka, da kuma fatoma, mai masaukin da yake sauke baƙo a cikin gari, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da mai saye. Sunan zango ya bi Hausawa har ya zama sunan unguwanninsu a Kumasi da Ankara ta Gana. Babu wani falke da ya ɗauki zango a matsayin gida, domin ribar tafiyar gaba ɗaya a gida ake zuwa a kashe ta, a sayi gona a yi wa ɗa aure.

Magadan fatake a yau su ne direbobin manyan motoci, kuma su ne suka fi kowa kusa da abin da ake kira zama a mota. Babbar hanyar Kano zuwa Zariya ta ratsa yankin, a Kwanar Ɗangora kuma hanya ta balle ta nufi Tudun Wada, ta keta dajin Falgore zuwa Doguwa da Saminaka har Jos, don haka duk wanda ya bi ta Dakatsalle ko Kwanar Ɗangora bayan isha'i zai ga tireloli jere a gefen kwalta. A bayan kujerar direba akwai ɗan gado mai faɗin mutum ɗaya, da labule da bargo, jakar tufafi a gefe, buta da darduma a inda hannu zai kai. Yaron mota ba shi da rabo a wannan gado, nasa shi ne tabarma a ƙarƙashin bodi tsakanin tayoyi, ko kan buhunan da aka ɗauko idan ƙasa ta jiƙe, kuma kwanan nasa gadi ne, saboda ɓarayin batir da masu zuƙe gas. Da asuba mai shayi ya riga ya hura wuta, gidan wanka da ba-haya yana karɓar kuɗi a kan kowace shiga, mai faci da makanike suna nan kusa. Tafiyar Kano zuwa Legas, mai nisan kilomita 1,000 ko kusa da haka, da jiran lodi da jiran sauke kaya, takan cinye mako biyu ko fiye, ta yadda direba zai iya kwana a cikin motar fiye da yadda yake kwana a ɗakinsa a shekara.

Wannan kwana yana rage kashe kuɗi, babu shakka, tunda kuɗin masauki na dare goma sha yana komawa cikin guzurin da mai mota ya bayar. Sai dai rangwamen ya tsaya a kan abu biyu. Na farko, motar tana neman kuɗi ne a lokacin da ake kwana a cikinta, mai ita ne yake zuba gas yake biyan gyara, saboda haka gadon kyauta ya zo a kan abin da kasuwanci ya riga ya biya. Na biyu, direban bai daina riƙe gida ba: iyalinsa suna can a Bebeji ko Ƙiru ko wata unguwa a Kano, ana cefane ana biyan kuɗin makaranta. Abin da ya huta da shi kuɗin otal ne, kuɗin muhalli kuwa yana nan a wuyansa. Akwai kuma abin da ake biya da jiki, wanda ba ya shiga littafin kowa: ciwon baya, cizon sauro a bakin kwata, barcin da bai isa ba wanda ake rufewa da goro da shayi ko abin da ya fi su, da haɗarin motar da aka ajiye a kafaɗar titi cikin duhu.

Makiyaya su ne waɗanda suke tafiya da gidan gaba ɗaya, da mata da yara da tukwane, kuma dajin Falgore da kewayen madatsar ruwan Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Gwamna Audu Baƙo, sun daɗe suna jan su saboda ciyawa da ruwa. Bukkar Bafulatani ita ce tafi-da-gidanka ta gaskiya, kuma darasin da ke cikinta shi ne kusan babu abin da ake ɗauka. Mata suna yanko ƙirare a inda aka sauka, su kafa su a da'ira su tanƙwaro kawunansu su ɗaure, su rufe da ciyawa ko kara ko tabarmi, a yanzu kuma sau da yawa a yafa leda ko tamfol saboda ruwa. Ranar tashi a naɗe tabarmi da ƙore a ɗora wa takarkari, wato san da aka horar domin ɗaukar kaya, ko jaki, a bar kwarangwal ɗin a wurin. Haƙƙin sauka kuma da taki ake biyansa, domin bayan girbi manomi yakan so garke ya kwana a gonarsa, har ya ƙara wa makiyayin da dawa ko gero. Wannan tsari ne da ya yi arha matuƙar akwai filin da ba a nome ba, amma noman rani da yawan jama'a sun cinye burtali, wato hanyar da aka keɓe wa shanu tsakanin gonaki, duk da dokar wuraren kiwo ta Jihar Arewa ta 1965. Manufofin gwamnati ma sun karkata ga zaunar da su: an kafa hukumar ilimin makiyaya ta ƙasa a 1989, a 2020 kuma gwamnatin Abdullahi Umar Ganduje ta buɗe matsugunin makiyaya a dajin Dansoshiya na Ƙaramar Hukumar Ƙiru. Abin da ya sami makiyayin Falgore da wanda ya sami dattijon Arizona iri ɗaya ne, wato ƙuncin wurin tsayawa.

Idan aka zo kan tambayar kai-tsaye, ko magidanci a wannan yanki zai rage kashe kuɗi idan ya koma zama a mota, lissafin a juye yake da na Amurka. A can gida ne mai tsada, tsohuwar mota kuma araha. A nan mota ce kayan ƙasar waje da ake saye da farashin dala, a biya kwastan, tsadarta kuma ta ƙaru tun bayan da aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa a watan Yuni na 2023, alhali ɗaki ana gina shi da ƙasar da aka haƙo a bayan gari, a yi tubali, a sa azara ko a buga kwano, a cikin gidan gado da babu mai karɓar haya. Kuɗin tsohuwar bas guda ɗaya 'yar Kwatano ya isa a tayar da sashe guda na gidan ƙasa a ƙauyen Tudun Wada har a sami canji. Litar fetur da ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati a farkon 2023 ta haura naira 1,000 a gidajen mai da yawa kafin ƙarshen 2024, a shekarar da aka mayar da mafi ƙarancin albashi na ƙasa naira 70,000. Bayan haka, mota a wurin talaka jari ce, kuma duk wanda ya cire kujerun bas ya shimfiɗa katifa ya yi asarar abin da za ta shigo da shi kullum tsakanin Kwanar Ɗangora da Kano, wanda cikin ɗan lokaci zai biya hayar ɗaki ta shekara a yankin.

Yanayi ma bai goyi bayan abin ba. A watan Afrilu zafi yakan haura digiri 40 a ƙasar Kano, akwatin ƙarfe da gilashi kuma yana tara zafin ya riƙe shi har dare, saɓanin katangar ƙasa mai kauri da take jinkirta shigarsa. Duk mai shagon kwantena ya san dalilin da ya sa yake kafa rumfa a kanta yake kuma zama a waje. Mai zama a mota a Amurka yana gudun zafi ne ta hanyar tuƙawa arewa ko hawa tsaunuka, tafiyar da mai ne yake biyanta. Babu wuraren juye tankin bayan gida a kan hanyoyin Najeriya, ruwa kuwa sai an saya a wurin 'yan garuwa. Batun tsaro ya fi duka nauyi, domin dajin Falgore, wanda shi ne ya fi kama da filayen da Amurkawa suke sauka kyauta, gandun daji ne da doka ta keɓe, ya kuma yi shekaru yana fama da 'yan fashi da ɓarayin shanu har aka girke jami'an tsaro a cikinsa. Baƙuwar motar da ta kwana uku a bayan gari ba tare da an san mai ita ba, kafin rana ta huɗu labarinta ya kai ga mai unguwa da 'yan sintiri, kuma suna da hujjar tambaya.

A nan ne maganar ta bar lissafin kuɗi ta shiga tsarin zaman jama'a. A fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'ar Musulunci na Kano suke bi, muhalli yana cikin haƙƙoƙin da mace take da su a kan mijinta tare da ci da tufafi, al'ada kuma ta ƙara da cewa dangin amarya ne za su zo su yi jere, su kafa gado su shirya kwanuka a ɗakin da aka nuna musu. Shari'a ta san matafiyi, ta sauƙaƙa masa da ƙasaru, wato rage salla mai raka'a huɗu zuwa biyu a tafiyar da ta kai mil 48, amma da zarar ya yi niyyar zaman kwana huɗu a wuri ya koma hukuncin mazauni, abin da ke nuna cewa tafiya hali ne mai wucewa a idonta. Takardar shaidar zama ɗan ƙaramar hukuma ta hannun mai unguwa da dagaci take bi, bashin taki da neman aure da shaidar hali duk sai an tambayi gidan su wane. Da Hausawa suka ce kowa ya bar gida gida ya bar shi, har da wannan suke nufi: wanda ba a san ƙofarsa ba ya fita daga layin gudummawar suna da biki da rashin lafiya, ita kuwa wannan gudummawa ita ce inshorar da mafi yawan mutanen karkara suke da ita.

Wannan bai hana a ce matsalar da ta kori dattawan Amurka zuwa cikin mota tana nan a Kano da wata kama ba. Matashin Doguwa da ya tafi birni neman kuɗi yana tarar da hayar da ake biya ta shekara guda a dunƙule, ga kuɗin dillali a kai, don haka sai ya kwana a shagon maigidansa, ko a zauren wani ɗan garinsu, ko ya karɓi gadin kango ya zauna a ciki kyauta har ranar da mai ginin zai tare. 'Yan ci-ranin da ke zuwa aikin tumatir da shinkafa a filayen noman rani na Kadawa, waɗanda ruwan Tiga yake shayarwa, rumfar kara suke kafawa a bakin gona na 'yan watanni. Duk waɗannan dabaru sun fi mota araha nesa, saboda ba su buƙatar jari ko mai, kuma dukkansu an gina su ne a kan niyyar komawa gida da abin da aka tara.

Hukuncin da bayanan nan suka bayar shi ne cewa sayen mota domin a mayar da ita gida ba hanyar tsimi ba ce a Bebeji da maƙwabtanta, ƙarin ɗawainiya ce. Waɗanda sana'a ta riga ta ɗora wa kwanan hanya kuwa suna nan da yawa, kuma buƙatarsu a bayyane take. Ya rage ga ƙananan hukumomin Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, tare da gwamnatin jiha da ƙungiyoyin direbobi da na masu manyan motoci, su keɓe fili nesa da kafaɗar kwalta a wuraren da tireloli suka saba tsayawa, su kewaye shi, su sa rijiyar burtsatse da banɗaki da fitila da masu gadi a kan kuɗin shiga da direba zai iya biya, su kuma sake shata burtalin da gonaki suka cinye tun kafin shanu su sauko kaka mai zuwa.